Rigar Bara

Bara, saura kwana uku Sallah,
na tsaya a shagon Alhaji Sakibu a Alabar,
na nuna wata shadda ruwan toka
da yatsan da baƙin mai bai taɓa barin farcensa ba.
Sidi dubu da ɗari biyu. Ban yi ciniki ba,
don kada yaran shago su gane ni.
Rabin kuɗin nawa ne,
rabin na Mumuni mai keke.

Sau ɗaya na sa ta,
daga Aboabo zuwa filin idi, na dawo,
ina raba wa yara sababbin takardu
kamar a bayan ɗakinmu ake buga su.
Da yamma na cire, na ninke, na rufe akwati.
Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi,
wawan kuwa sunansa Tanko, sunan da uwata ke kirana.
Wata huɗu ina sauya hanya
in na hango keken Mumuni a kwanar Asawase.
Wata huɗu ina shan koko ba ƙosai,
ina ce wa mai kokon cikina ne ba ya son mai.

A azumin bana, wani dare a goman ƙarshe,
barci ya sace ni a kan benci a Suame,
bayan garejin maigidana.
Sai ga rigar ta fito daga akwati ita kaɗai,
ta gyara wuya, ta kama hanyar Kejetia.
Ba kai, ba ƙafa, sai aikin ƙirji yana walƙiya.
Masu kaya suna ba ta hanya,
direbobi suna ba ta kujerar gaba,
ni kuwa ina biye da singileti, sifana a hannu,
ina cewa, jama'a, ni ne mai ita!
Ko mutum ɗaya bai waiwayo ba,
sai Iya Zenabu mai wake da shinkafa,
wadda muka binne shekara biyu da suka wuce.
Ta ɗago ludayi ta ce,
Tanko, rigarka ta ci ta ƙoshi. Kai fa?

Ban nemi malami ya fassara mini ba.
Wani mafarkin da fassararsa yake zuwa a aljihu.

Akwai kuma wanda nake yi ido biyu,
tun ina yaron wanke noti a cikin kananzir:
rumfa ƙarama a bakin titin Tafo,
jak nawa na kaina, akwatin sifanu da makulli,
allo da sunana, ko da harafi ɗaya ya karkace.
Shekara bakwai ina ciyar da shi da baki,
ban taɓa ba shi ko sidi ɗaya ba.

Bayan sahur na yagi kwalin batir, na yi lissafi.
Na fitar da zakkar kono tukuna.
Atamfa ɗaya ta Inna, ba mai tsadar ba,
wadda ta tsaya tana kallo ran Talata ta yi shiru.
Takalmin Rukaya, don ƙafar yarinya ba ta jiran albashi.
Kaji biyu. Canji kaɗan na yaran layi.
Abin da ya rage na kai wa mai susu,
ya buga mini hatimi a kati, na tsaya ina kallon tawadar har ta bushe.

Rigar kuma na kai wa mai guga.
Yau da safe a hanyar idi Fuseini ya ja hannunta,
ya ce, wannan ba ta bara ba ce?
Na ce ita ce.
Bara ita ta sa ni, bana ni na sa ta.

Mumuni ya zo wucewa, ya buga ƙararrawa.
Ban sauya hanya ba. Na tsaya muka gaisa,
har na tambaye shi mutanen gida.